Tayoyin da Ottmar Thelen Ya Ɗaura

Ottmar Thelen ya haura shekara arba'in yana ɗaura wa mutanen Lommerath tayoyi, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya cuce shi ba. Shi ne ya ɗaura tayoyin da ɗana Gereon ya mutu a kansu. 'Yan sanda sun duba, masanin da kotu ta turo ya duba, duka suka ce aikin ya yi daidai da doka. Na karanta rahotannin daga farko har ƙarshe, ban sami inda suka yi kuskure ba.

Tare muka tashi da Ottmar, aji ɗaya muka yi. Gidansu yana ƙarshen gari, mahaifinsa yana da shanun tatsa da gonar dankali. Idan iska ta taso daga gabas, daga gonar ana jin kukan motoci a filin tsere, can bayan tuddai. Ottmar yakan bar shanu su shiga gonar maƙwabta, ya hau keke ya tafi ya maƙale a jikin shingen filin har yamma. Ya sha duka a kan haka, bai daina ba. Da na tafi Giessen karatun likitan dabbobi, shi ya zauna a gida. Kafin in dawo mahaifinsa ya rasu, ya sayar da shanun, ya fasa bangon ɗakin shanun ya sa ƙofar gareji. Har yau idan an yi ruwa, ƙarƙashin warin roba ana jin warin shanu a wurin.

Bai taɓa yin tsere ba. Sau ɗaya ya gwada da motar aro, ya yi amai a cikin hular kwano tun bai gama zagaye na farko ba, kuma shi da kansa yake ba da labarin don a yi dariya. Abin da ya yi shekara da shekaru shi ne tsayawa a bakin wata kwana da tuta a hannu, ranakun Lahadi, kyauta. Ya yi aure, ba su haihu ba, matar ta gaji da zama da mutumin da hirarsa ɗaya ce, ta koma Trier wajen 'yan uwanta. Da aka haifi Gereon, shi muka ba ya riƙe shi a coci ranar baftisma. Matata Hiltrud ce ta ce a ba shi, don ba shi da kowa.

Abincinsa yana zuwa sau biyu a shekara. A watan Oktoba kowa yana cire tayoyin bazara ya sa na hunturu, da bikin Ista kuma, idan sanyi ya wuce, a mayar. A makonnin nan layi har titi, tsofaffin mata da ƙananan motocinsu, manoma, motar limamin coci. Yana yi musu aiki mai kyau, amma da ganin fuskarsa ka san hankalinsa ba ya wurin. Hankalinsa yana kan samarin da ke shiga filin tsere da motocinsu a ranakun da ake buɗe shi ga masu sha'awa. Ba 'yan tsere ba ne. Masu gyaran rufi ne, da ma'aikatan banki, da malaman makaranta. Motar da suka zagaya fili da ita ranar Asabar, da ita za su je aiki ranar Litinin.

Dukansu tambaya ɗaya suke kawo masa: wace taya? Tayar titi ta gari tana da zane mai zurfi da ruwa ke bi ya fice, tana riƙe kwalta ko da sanyi. Amma a fili, bayan zagaye kaɗan sai ta yi zafi ta fara narkewa, motar ta dinga sulɓewa a kwana. Tayar fili kuwa sai ta yi zafi take kama ƙasa, idan ta huce ko ta taka ruwa kamar sabulu take. Hanya mai hankali ita ce mutum ya mallaki ƙafafu takwas, huɗu na titi, huɗu na fili, ya canza idan ya isa, ya sake canzawa kafin ya fito. Sai dai motocinsu ƙanana ne, ƙafa huɗu ba sa shiga but, kuma babu saurayin da ke son a gan shi durƙushe da jak yayin da abokansa suka riga suka shiga.

Amsar Ottmar ita ce wata taya da ke tsakani. Robarta ta fili ce, an yi mata 'yan tsaga kaɗan, daidai yadda doka za ta bar ta ta hau titi. Yana kiranta mai aiki biyu. Yakan ɗauko ta ya dire a gaban mutum, ya shafa ta kamar yadda mahaifinsa ke shafa bayan saniya.

Ina wurin ranar da Gereon ya zaɓi tasa. Bayan Ista ne, na kawo motata a cire na hunturu. Gereon yana da shekara ashirin da shida, yana aikin awon filaye a ofishin gunduma, ya sayi wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu da ya daɗe yana mafarkinta.

"Taɓa ka ji, ɗana," in ji Ottmar. "Danna farcenka. Ka ji yadda ta karɓa? Wannan idan ta yi zafi, ko bango ka nufa sai ta hau."

Gereon ya danna, ya yi murmushi. "Baffa, ka faɗi gaskiya. Da ita zan wuce abokina Lennart?"

"Lennart? Wanda ke taka birki tun yana hango kwana daga nesa? Ko da tayar tarakta za ka wuce shi."

Na ce, "Idan ana ruwa fa?"

"Ji likitan shanu! Reinhold, ni na taɓa shiga ɗakinka na ce maka ga yadda ake zaro ɗan maraƙi? Idan ana ruwa, a ɗaga ƙafa daga totur. Yaron nan ba jaki ba ne."

"Zanen ba shi da zurfi."

"Doka ta yarda da shi. Ga hatimi nan a jiki, sa tabarau ka karanta, tunda kai ne mai karatu."

Gereon ya dafa kafaɗata. "Baba, ai ni ne mafi tsoro a cikinsu. Tambayi kowa."

Gaskiya ya faɗa. Shi ne mafi tsoro a cikinsu.

Akwai abu na biyu da Ottmar ya koya musu, wato sha'anin iska. Idan taya ta yi zafi a fili, iskar cikinta takan kumbura, tayar ta yi tauri, ta rage kama ƙasa. Saboda haka bayan 'yan zagaye sai a fito a rage iskar. Kowannensu yana da ma'aunin iska a aljihu, kuma wanda ya taɓa tsayawa a farfajiyar filin ya san wannan tsiyayar da ke tashi ta ko'ina. Amma idan an gama, tayar ta huce, iskar da ta rage ba ta kai ta hau titi ba. Dole a cika kafin a fita. Akwai famfon iska a bakin ƙofar filin, guda ɗaya, layinsa ba ya ƙarewa.

Ottmar kuwa ya rataye tiyon iska a wajen garejinsa, kyauta, dare da rana. Ranakun fili yakan dafa kofi, ya kawo tukunyar wainar dankali daga gidan maƙwabciyarsa, ya jera kujeru. Samarin sai suka daina bin layin ƙofar fili. Su ce, "A cika a wurin Ottmar." Daga filin zuwa garejinsa tafiyar minti ashirin ce, hanya ce mai hawa da gangara ta cikin kurmi. Haka suke biyo ta a kan tayoyi masu laushi, su iso, su cika, su zauna kowa yana faɗin mintunan da ya yi. Wannan zaman shi ne duk abin da Ottmar ya mallaka a duniya. Ba don ciniki ya rataye tiyon ba. So yake su zo.

Asabar ta ƙarshe da aka buɗe fili a shekarar, cikin Oktoba, ya kamata a ce Gereon ya riga ya sa na hunturu. Ya ce sai bayan wannan ranar. Da safe gari a bushe yake, ya zagaya, ya rage iska kamar kowa. Bayan azahar sanyi ya sauko, aka fara yayyafi. Ya fito wajen ƙarfe huɗu ya kamo hanyar Lommerath. A wata kwana ƙasa da kurmin, inda ganye ya zuba a kwalta, bayan motar ya kufce, ta juya ta daki itace ta ɓangaren direba. Masanin ya rubuta cewa gudun da yake yi bai kai iyakar da allo ya nuna ba. Ya rubuta cewa iskar tayoyin ta gaza abin da ake buƙata da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma duba iska hakkin direba ne. Ottmar yana gareji a lokacin, ya ajiye masa rabonsa na waina.

A wurin binnewa shi ne ya riƙe gaban akwatin. Ya yi kuka da ƙarfi, har Hiltrud, wadda idonta a bushe yake, ta miƙa masa hankici. Samarin sun zo da motocinsu, suka jera a bayan katangar makabarta, da aka sauke akwatin suka tayar da injuna gaba ɗaya. Sun ce girmamawa ce. Bayan mako biyu na fara ganin sunan ɗana a manne a gilasan bayan motoci. Ottmar ne ya sa aka buga, yana rabawa kyauta.

Tiyon bai motsa daga inda yake ba. Ni kuma na koma kai motata wani gareji a garin Mayen. Idan muka haɗu a coci ko gidan burodi yakan ce, "Reinhold," in ce, "Ottmar." Haka muka yi shekara uku.

'Yarmu Mareike, ƙanwar Gereon, ma'aikaciyar jinya ce a Koblenz. Wata Lahadi cikin Maris ta zo cin abincin rana da motar da ba mu sani ba, ja, ƙarama, cikinta kusa da ƙasa. Na gane irinta tun daga taga. Muna cikin cin abinci ta ce ta shiga ƙungiyar da ke hayar fili, za ta fara bayan Ista.

Hiltrud ta ajiye cokali, ta tashi ta hau sama.

"Mareike," na ce.

"Baba, na san abin da za ka faɗa."

"To faɗa mini."

"Za ka ce ɗaya bai isa ba." Ta kalli farantinta. "Ba a fili ya mutu ba. A fili akwai shinge, akwai yashi, akwai motar asibiti. Kullum ina wanke mutanen da suka faɗo daga tsani a gidajensu. Na zagaya sau biyu a motar wata ƙawata, kuma tun da aka binne shi ban yi barci irin na daren nan ba. Ba izini na zo nema ba, Baba. Ba na so ne ku ji a bakin mutane."

"Wace taya za ki sa?"

"Na yi magana da Baffa Ottmar."

Shekararta ashirin da biyar, da albashinta, da makullinta. Ba ni da abin da zan hana ta da shi. Na zauna na lissafa abin da ya rage a hannuna, na ga ɗaya ne kawai: kada ta biyo hanyar kurmi a kan irin tayar nan. Filin na sallama shi. Hanyar gida nake nema.

Da safiyar Litinin na shiga garejin. Ottmar ya tsufa fiye da yadda ake gani daga nesa. Bayansa ya lanƙwashe, ya ɗaura wata faffaɗar ɗamara a kan rigar aiki, yana mirgina taya maimakon ɗauka. Ya gan ni, ya goge hannu a tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Mutanen Mayen sun kore ka ne?"

"Ba mota na kawo ba."

"Na sani. Zauna. Kofi?"

"A'a. Kada ka sayar mata."

Ya ja numfashi, ya zauna a kan tarin tayoyi. "Reinhold, idan na ce a'a, kafin ta isa Koblenz ta saya ta waya. Jibi a kawo mata har ƙofa. Wani yaro da bai san sunanta ba ya ɗaura mata, ya karɓi kuɗinsa. Haka kake so?"

"So nake ka ce a'a, ko sau ɗaya a rayuwarka."

"Kai ka ce mata, ai kai ne ubanta."

"Na ce."

"To ka gani."

Na nuna masa waje da hannu, inda tiyon yake rataye. "Wancan me yake yi a can har yanzu?"

Ya san abin da nake nufi, bai ko juya ba. "Na cire shi. Mako guda bayan binnewa na cire, ba ka lura ba don ba ka biyowa ta nan. Ka san abin da suka yi da aka sake buɗe fili? Suka iso, suka ga babu, suka wuce a haka. Wani har Köln. Sai na mayar." Ya ɗago ya dube ni. "Faɗa mini, Likita. In cire ko in bari? Abin da ka ce shi zan yi."

Abin da ya fi ci mini rai da Ottmar ke nan tun muna yara, duk ramin da ya haƙa, sai ka tarar cike shi ya fi barinsa haɗari.

"Ni ma ɗana ne," ya ce a hankali.

"A'a. Ka riƙe shi na minti goma a coci."

Ya tashi da ƙyar, ya je ya kashe injin iska da ke ta gurnani a kusurwa, ya dawo.

"Ƙafa takwas," ya ce. "Ta je a kan na titi, ta dawo a kan na titi, da iskarsu cikakkiya, ba mai taɓa su. Na fili wani ya kai mata."

"Ai ka san wannan tun da."

"Kowa ya sani. Wa zai kai? Ni ka ga bayana, ko buhun dankali ba na ɗagawa. Kai kana da mota mai dogon baya, ka yi ritaya, ba abin da kake yi sai yankan ciyawa da hararar mutane."

"In ɗauki tayoyi in kai wa 'yata wurin nan da hannuna."

"Za ta je, da kai ko ba kai. Ni maganar dawowa nake maka."

"Ba za ta yarda ba."

"Wannan bar mini. Turo ta ranar Asabar, kai ma ka zo, amma ka kama bakinka. Bakinka ba na ciniki ba ne."

Ranar Asabar muka haɗu mu uku. Mareike ta gan ni a tsaye kusa da injin ɗaura taya, ta tsaya a ƙofa.

"Au, taron dangi ne? Baffa, kai ma?"

"Ni? Ni mai faci ne, ina ruwana da rigimar gidan likita. Shigo, 'yar ja. Wace kika ce kina so?"

"Mai aiki biyu, kamar yadda muka yi."

Ottmar ya taɓe baki. "Tayar masu zuwa aiki ranar Litinin. To, shi ke nan. Na ɗauka da gaske kike."

"Kamar yaya?"

"A'a, ba komai. Tana da kyau. Lennart ita yake sawa, shekara nawa ke nan, kullum yana nan inda yake. Za ku dinga bin juna kamar masu rakiyar amarya."

Ya shiga ciki, muka ji yana jan wani abu, sai ga shi ya mirgino wata taya baƙa wuluk, faffaɗa, sumul, babu zane ko ɗaya a jikinta. Ya bar ta ta faɗi a gaban Mareike.

"Wannan ban taɓa sayar wa yaran garin nan ba. Ba su kai ba. Danna farcenki."

Ta durƙusa ta danna. Na ga fuskarta. Na taɓa ganin wannan fuskar a wannan wurin, na juya na kalli bango.

"Ƙungiyarku ta yarda da ita, na tambaya," in ji Ottmar. "A zagaye ɗaya za ta ba ki daƙiƙu da yawa, ba tare da kin ƙara komai ba. Aibinta ɗaya, ba ta hawa titi. Babu hatimi. Ɗan sanda ya gan ki da ita, ya ƙwace takardun motar a nan take, inshora kuma ta ce ba ta san ki ba. Sai a fili za a ɗaura, a fili za a cire."

"To ya zan kai ta? Ba ta shiga motata."

"Oho. Nemi mai mota."

Mareike ta miƙe, ta dube shi, ta dube ni. Ba sakarya ba ce.

"Kun haɗa baki."

"Mun haɗa," in ji Ottmar. "Tayar dai ba ta san mun haɗa ba. Gudunta na nan."

"Baba zai biyo ni kamar 'yar firamare, kowa yana kallo."

"Manyan direbobi duka suna da mai ɗaukar musu taya. Ke naki ma likita ne. Idan saniya ta shigo fili, kin huta."

Ta yi dariya ba da son ranta ba. Ta sake kallon tayar, ta ɗora ƙafa a kanta.

"Baba, za ka iya?"

Na ce zan iya.

Na sami abin da na zo nema. Sai da muka fito na gama auna farashinsa: domin ta dawo gida a kan tayar kirki, an ba ta wadda za ta sa ta shiga kowace kwana da gudun da Gereon bai taɓa kaiwa ba. Ottmar bai ga wani abu a nan ba. Murna yake yi. Ya tsare ni har azahar yana koya mini inda ake kafa jak, da yadda ake ɗaure noti a gicciye, da sifanar da ke yin ƙara idan ɗaurin ya kai. "Hannun da ya juya maraƙi a cikin uwarsa," yana cewa, "a ce noti biyar ya gagare shi?"

Ranar farko ta faɗo Asabar ta biyu bayan Ista. Hiltrud ta ga ina shimfiɗa tsohon bargo a bayan mota ina jera tayoyin, ta rufe labule. Na bi Mareike a baya har farfajiyar filin. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Na durƙusa a kan kwalta na cire huɗu, na ɗaura huɗu, na bi kowane noti sau biyu. Ta sa hular kwano, ta ɗaga mini yatsa, ta tafi.

Ban je bakin shinge ba. Na zauna a cikin motata kusa da ƙafafunta na titi, na rufe gilas. Bai hana komai ba. Duk lokacin da ƙara ta yanke a wani wuri bayan tudu, sai in bar numfashi har ta dawo. Sau ɗaya aka ɗaga jar tuta, kowa ya fito, aka tura motar janyo motoci. Wani ne daga Aachen ya shiga yashi, bai ji ciwo ba. Mareike ta fito tana gumi, ta ciro ma'auni daga aljihu, ta durƙusa tana rage iska tana ba ni labarin wata kwana, ni kuwa bakinta kawai nake kallo.

Da yamma samari suka kewaye motarta. Lennart, wanda yanzu ya yi tumbi, ya tsuguna ya shafa tayar.

"Wannan ai cuta ce, Mareike. Ina kika samo?"

"Wurin Baffa Ottmar."

"Tsohon nan! Ni ya ce mini babu." Ya juyo ya gan ni da sifana a hannu, ya gane ni, ya cire hula. "Likita. Sannu da ƙoƙari." Ya koma wajen motarsa.

Na mayar mata da na titi, na auna iskar kowace, na loda masu zafin a bayan motata. Warin roba ya cika motar har ya kama rigata. Muka kamo hanya, tana gaba ina baya, a hankali, har ƙofar gida. Ta kashe mota ta fito tana miƙa. Hiltrud tana tsaye a bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu. Ta dube ta daga sama har ƙasa, ta koma ciki ta ɗora ruwan shayi.

Ban gama wanke hannu ba waya ta yi ƙara a zaure. Na ɗauka, Ottmar ne.

"Reinhold? Ni ne. Kun iso?" Bai jira amsa ba. "To, minti nawa ta yi? An ce ta wuce Lennart tun zagaye na uku. Yanzu ya bar nan, wai shi ma yana son irinta, shi da wasu biyu. Ka rubuta lokacin? Kada ka ce mini ba ka rubuta ba."

Na ajiye kan wayar a kan tebur, na kira Mareike. Ta zo da gudu da safa a ƙafa. Na fita waje in sauke tayoyin kafin duhu, ina jin dariyarta ta taga.